Baƙon Ciki

Wasali ɗaya ne tsakaninka da baƙin ciki,
baƙon cikina,
shi ya sa nake tsaron ƙofar baki.

Wata biyar ke nan kana zaune a ɗakin nan,
ba ka biya hayar ko fam guda ba,
amma kai ke yanke abin da za a ɗora a wuta.

A tashar Mai Wurno nake sayar da shayi:
murhun gawayi, kujeru bakwai, ɗaya gurguwa.
Direbobin Sinja sun san hannuna,
citta, na'ana'a, sukari har cokali ya nutse.
Ni mai shayar da gari
ni aka ce in rage.
Batula unguwarzoma ta ja fatar idona ƙasa,
ta leƙa kamar mai duba rijiya da bazara,
ta ce, "Saudatu, ruwa ya ja baya.
Shayi a bayan kwano ɓarawo ne,
abin da wake ya kawo wa jini shi yake kwashewa.
Ki ba su tazara kamar surukai,
wannan ya shiga, wancan ya jira a zaure."

Akwai abin da na ɓoye mata sai a awo na biyu.
Laka.
Ta bakin kogi, wadda ta bushe ta tsattsage
bayan ruwa ya koma gadonsa.
Ƙamshinta kan tashe ni tsakar dare.
Ɓantare uku na adana a gwangwanin madara
ƙarƙashin zannuwan sallah,
ina gutsura a duhu kamar ɓera.
Ba ta yi dariya ba, ba ta yi faɗa ba.
Ta ce ba kai ke roƙo ba,
jinina ne ke kiran abin da ya rasa,
ya ɓata hanya ya bi ta ƙasa.
Ta zuba min jajayen ƙwayoyi a tafi.
Da yamma na gangara,
na mayar wa kogi kayansa.

Ranar sunan ɗan Ummu Hani
aka kewaye tire:
ɗanyar hanta, albasa, barkono, lemun tsami.
Yawuna ya tsinke, ba zan yi maka ƙarya ba.
Inna Dudu ta turo min gefenta,
"Da shi muka haife ku, ci mana."
Na ce azumin hanta nake.
Aka yi shewa.
Ban ce mata komai ba bayan wannan,
na san tara ta haifa,
biyar ta yaye.

Yanzu ga yadda muke, ni da kai.
Madara sai ta tafasa ta yi kumfa ta nemi gudu.
Ganye sai ya sha wanka uku.
Agashe sai na tsaga na ga babu ja a zuciyarsa.
Ful da safe, in matsa masa lemun tsami,
kisra da miyar kuɓewa da rana,
dabino biyu, gyaɗa cikin tafi,
in ciniki ya yi, ƙwai.
In bai yi ba, Allah ya san mun so.

Babanka Tijjani kan ware kifi ɗaya daga taru
kafin 'yan sari su gani.
Ba ya cewa naki ne,
sai ya ajiye a kwano ya ce, "Na baƙo."

Daren jiya na zauna a bakin gado,
na kashe wuta, na wanke kofuna arba'in,
ko ɗaya ban sha ba sai na hantsi.
Na haɗiye ƙwayata da ruwan tulu.
Sai ka buga,
sau ɗaya, nan ƙasan haƙarƙari,
kamar direban da ya ƙoshi
ya ƙwanƙwasa tebur
yana tambayar nawa ne.

Bar shi, baƙo.
Sai ka fito mu yi lissafi.