Kofin Evon

Kafin haske ya taɓa ƙanƙarar Kuskokwim
nakan ji shi daga ɗakin baya:
tari uku, shiru,
sai na huɗu mai zurfi,
kamar guga ya faɗa rijiya mai laka.

Evon, yayana, shekara arba'in da ɗaya.
Yakan kwanta rubda ciki, kai a ƙasa,
ni kuma in lanƙwasa tafina kamar mai ɗibar ruwa
in yi ta bubbuga bayansa,
dama, hagu, ƙarƙashin haƙarƙari,
har abin da ya kwana a ciki ya yarda ya fito.

Muna karanta shi a kofin roba.
Fari, a je a duba taru.
Rawaya, a dakata.
In kore ne mai wari,
Olinka ta ɗauki waya ta kira asibitin Bethel
tun zazzaɓi bai gama ɗaura ɗamara ba.

Uwarmu ta ce yana wata tara
ciwon huhu ya kayar da shi sau biyu a hunturu ɗaya.
Jirgi ya kasa sauka,
hayaƙin murhu ya cika ɗaki.
Yaron ya tashi, ciwon ya bar sawunsa.

Likita ta nuna mana hoton ƙirjinsa,
ta ce bironkiyaktasis.
Hanyoyin iska sun buɗe, sun saki kamar bakin tsohuwar safa,
ba sa komawa.
Majina ta taru, ƙwayar cuta ta samu masauki,
ta ƙara ɓarna, majina ta ƙaru.
Evon ya ce, na gane,
lungun kogi ne inda ruwa ba ya gudu.
Na san abin da ke ruɓewa a irin wurin.

Kan yatsunsa ya kumbura,
farce ya gantsare kamar bayan cokali.
Wando yana zamewa daga ƙugu.
Daga ƙofa zuwa bakin ruwa taki sittin ne,
yanzu yana tsayawa sau biyu,
ya yi kamar yana duban sararin sama,
ƙirjinsa na fito a hankali.

Daren nan na Maris ba na son tuna shi.
Ya leƙa waje ya yi tari
sai ga ja a kan farar ƙanƙara,
ba ɗigo ba, ba zare ba.
Karnuka suka yi tsit.
Na riƙe fitila, hannuna na rawa,
muna sauraron ƙarar jirgi har asuba.

Ya dawo bayan kwana goma sha shida
da jakar magunguna da sabon labari:
zuciya ma ta fara gajiya da tura jini
ta cikin huhun da ya yi tabo.
Shi ya sa takalmin bara ya ƙi shiga.

Bazara ta zo, kifi ya hau kogi.
An rataye jan nama a kan sanduna, iska na kaɗa shi.
Evon na zaune a kan kifaffen kwalekwale
yana koya wa Anecia ƙullin taru.
Maganarsa rabi-rabi ce:
ja nan,
numfashi,
sai ki zagayo.
Yarinyar ta saba, takan jira shi,
zaren a hannunta.

Ni kuwa na wanke kofin,
na kife shi a taga
saboda gobe.