Tsarabar Tsohon Ma'aikacin Ruwa

Zauna, Tanimu, jawo bencin nan kusa.
An ɗauke wuta, wayar ba caji,
hotuna sai gobe.
Yau tsarabar baki ce, ka daure da karɓawa.

Shekara talatin da biyu ina bin bututu
daga Tamburawa har lungunan Kurna,
kunnena a ƙasa, ina neman inda ruwa ya maƙale.
Sai ga Rumasa'u ta aiko da tikiti:
Baba, zo ka huta, kwana bakwai a kan teku.
Na ce to, 'yar nan, Allah ya sa da dawowa.

Jirgin nan unguwa ce guda aka ɗora wa ruwa,
bene kan bene, ya fi na Kantin Kwari.
Kwana biyu ina ɓata tsakanin ɗakina da wurin cin abinci,
har wani yaro mai goge-goge, ɗan Filifin,
ya riƙa jan hannuna kamar jikana.
Kifi ɗanye, kifi mai hayaƙi, kifi cikin ruwan tsami.
Na zaro ƙullin yaji daga aljihu.
Wata tsohuwar Baturiya ta ɗanɗana,
ta yi tari, ta share hawaye,
ta turo farantinta tana neman ƙarawa.

Rana ta uku muka shiga tsagin.
Ɗauki Dala ka ɗora kan Gwauron Dutse,
ƙara goma irinsu, ka tsaga da wuƙa,
teku ta kutsa tsakani kamar 'yar gida.
Shiru, Tanimu. Har injin ya rage murya.
Daga can sama ruwa ke saukowa,
fari fat, igiya-igiya,
ba bokiti, ba jarka, ba layi,
ba yaron da uwarsa ta aiko tun asuba.
Na kama lissafi da ka:
wannan kaɗai ya ishi Fagge da Gwammaja,
wancan siririn a ba Rijiyar Lemo.
Rumasa'u ta ce, Baba, kallo fa aka zo.
Na ce kallon nake,
idon ne ya ƙi ajiye aiki, ya saba da rabawa.

Mun sauka wani ƙauye mai jajayen gidaje,
ciyawa ta tsiro a kan rufi, ba mai cirewa.
Mota ta hau da mu hanya mai murɗiya kamar hanjin rago.
Aka ba mu cuku mai zaƙin alawar madara.
A ƙololuwa na tarar da ƙanƙara, fili guda.
Na tsuguna na dafa.
Marigayiya Kubura ta faɗo mini,
ita da ke tashi ƙarfe biyun dare in an kawo wuta
ta jera ledoji a firji don 'yan kula.
Da ta ga jarinta zube a kan dutse,
ba mai saye, ba mai sayarwa.

Rana kuma ta ƙi faɗuwa.
Sha ɗayan dare tana rataye kamar baƙon da bai san sallama ba.
Agogona na bari a lokacin Kano,
na ja labule, na yi magariba da isha
da kiran ladanin layinmu, wanda ba na ji
amma na san tarin da yake yi kafin farawa.

Ka ga robar can a kan firji?
Da hannuna na tara ta a gindin dutsen,
har yatsuna suka mutu.
Kwana tara ke nan famfo bai ɗiga ba,
ban kuwa buɗe ta ba.

Tsaya, wancan ba Ɗan'azumi ba ne da kurarsa?
Kira mini shi kafin ya sha kwana.
Jarka biyu.
An ce tun da na tafi ya yi ƙari,
kai ka tambaye shi nawa.