Ƙwai Ɗaya a Madadin Kiret

Ƙarfe biyun dare a Akoka.
Janareta na tari a bayan ɗaki,
ruwa na dukan kwano kamar mai bin bashi,
ni kuma ga ni gaban kwamfaila,
tafintan nan da ba ya karɓar "ai ka gane".

Ya ce: layi na ɗari huɗu da sha bakwai,
jeri aka nema, ƙwaya ɗaya kika miƙo.
Na duba. Sunan jerin ne a wurin, ƙuru-ƙuru.
Na sake turawa da bisimilla,
ya maimaita, ko wasali bai sauya ba.

Shirin ba nawa ba ne, gado na ci.
Farfesa Oyekan ya rubuta shi da Fortran
tun ban iya ɗaura zani ba,
don auna yadda teku ke kutsowa tafkin Ikko
in wata ya cika.
Tsohon tafinta bai taɓa yi masa musu ba.
Yanzu yana Ijebu yana kiwon tarwaɗa,
wayarsa kullum a kashe.

Morenike ta leƙo, mayafi a kafaɗa, tana hamma:
"Akwai 'yar kalma da za ki ƙara,
ta toshe masa baki, mu kwanta."
Har na rubuta rabinta.
Sai na goge.
Ruwa ba ya tsami banza.

Da asuba na sauka wajen Sagiru mai shayi.
Yana juya madara, bai ko ɗago ba,
ya nuna wa yaronsa ƙwan da ke kusurwa,
ya ce miƙo.
Yaro ya ɗauko kiret ɗin gaba ɗaya.

Na bar shayina yana huci a benci.

Ashe haka dattijon ke magana!
Ya nuna ƙwan farko, yana nufin talatin,
tsohon tafinta ya san halinsa, ya ɗauko duka.
Sabon kuwa ɗan boko ne,
abin da ka furta shi zai riƙe ka da shi.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kamar tsintar tsakuwa a shinkafa.
Wuri goma sha ɗaya, ƙwai da kiret a bayansa.
Na gyara musu suna, na wuce.
Na sha biyun ne ya tsayar min da numfashi:
ƙwai ne tilo, babu kiret,
amma shirin na zuba talatin a gurbin ɗaya,
ashirin da tara na malala gidan maƙwabta.
Maƙwabtan kuwa lambobin zurfin ruwa ne,
can ƙarƙashin gidajen katako na Makoko.
Shekara nawa ke nan? Ban ƙirga ba.
Takarda nawa aka buga a kai? Ban so in sani ba tukuna.

Na faɗaɗa gurbin. Na tura.
Tafinta ya yi shiru,
irin shirun wanda aka biya haƙƙinsa.

Zanen ya fito a hankali.
Layin ruwa ya ɗaga da taki guda
sama da inda muka saba ganinsa.

Na buɗe taga.
Danfo sun fara cika gada,
wata mata na tuƙa kwalekwale da yara uku cikin kayan makaranta.
Morenike na barci kan kujera, baki buɗe.
Na nemo lambar Farfesa,
na daɗe ina kallonta
kafin na danna.