Wanda Ya Ba Gabas Baya

Na rufe shagon miyata ran Talata da azahar,
na hau bas zuwa gidan adana takardu na Paramaribo
da suna ɗaya tak a tafin hannuna: Wagimin.
Inna ta ce asiri aka yi masa a wata kasuwar Java,
wani ya dafa kafaɗarsa, hankalinsa ya gushe,
bai farfaɗo ba sai a tsakiyar teku.
Kowane gida a unguwarmu haka yake faɗa a kan nasa kakan.

Ma'aikaciyar ta miƙo mini safar hannu fara fat.
Littafin ya kai nauyin yaron goye,
yana warin akwatin da ya kwana cikin damina.
Wagimin goma sha ɗaya na tarar.
Goma sha ɗaya!
Wanne ne nawa cikin mutanen nan
da magatakardan Holan ya auna kamar buhunan shinkafa,
tsawo kaza, launin fata kaza,
shekara biyar a gonar rake, ga dangwalen yatsa?

Tabo ne ya fisshe ni.
"Tsaga a girar hagu," in ji tawada mai ruwan ƙasa.
Nan Inna ke ɗora yatsa tana yarinya
duk daren da barci ya ƙi zuwa.

Na bi layinsa a hankali.
Gonar Mariënburg, bakin kogin Commewijne.
Ya gudu sau biyu, sau biyu an kamo shi.
An yanke masa ladan kwana shida don ya karya adda.
Can ƙasa, inda takardar ta fara cinyewa,
wani gurbi da ba wanda ya taɓa ba mu labarinsa:
ya bar mata a ƙauye,
ya bar 'ya mai shekara biyu.
Sunan 'yar Ponirah.

Sunan uwata ke nan.

Fanka tana ta juyi a bisa kaina.
Wani dattijo a teburin gefe yana dariya shi kaɗai,
ya samo nasa, ga alama.
Ni kuwa safar hannuna ta jiƙe da gumi.
Ashe rigar wata aka sa wa Inna ran suna,
ta yi shekara tamanin da takwas a cikinta.

Na tuna shi tsoho tukuf a Tamanredjo,
tabarma shimfiɗe, goshinsa na kallon faɗuwar rana.
Babana yana ta fama:
"Mbah, ka tsallako tekuna, nan ba Java ba ne,
Makka tana gabas da mu yanzu."
Shi kuwa sai ya gyara hula
ya ce haka ubansa ya tsaya.
A kan wannan magana masallacin ƙauyen ya rabu biyu,
har aure ya mutu a kanta.
Ni gabas nake kallo, malamai sun faɗi dalili.
Na daɗe ina kiran nasa taurin kai.
Ba zan ce yau na gane ba,
magatakarda bai auna zuciya ba.

Da magariba na iso gida.
Inna tana naɗe shinkafa a ganyen ayaba,
idon ya tafi, yatsun ba su manta ba.
Duk hanya na shirya yadda zan ɓoye mata.
"Kin same shi?"
"Na same shi."
"Tabon yana nan?"
"Yana nan, girar hagu."
Ta soke ganyen da tsinke, ta ɗauki wani.
"Yayata fa, sun rubuta ta?"

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa.
Ta ce, "Ke kina tsammanin don wa yake zuba shayi kofi biyu
kowane daren Juma'a,
ya sha ɗaya, ya bar ɗaya a taga har ya huce?
Miƙo mini tsinken can."