Faifan Baba

A Ƙauran Namoda, inda dogo ya tuƙe,
inda jirgi ke ajiye numfashi ya juya baya,
nan mahaifina, Arzika mai tuta,
ya yi shekara ashirin da uku yana yi wa ƙarfe ban kwana.

Wani direba ya zo masa da tsaraba daga Ikko,
ba goro ba, ba atamfa ba:
baƙin faifai a cikin kwali,
a jikin kwalin wata mata, baƙa kamar Innarmu,
gashi a tsaye kamar kan giginya,
ido a rufe, baki a buɗe.
Ba'amurkiya ce, in ji direban.
Inna ta duba ta ce, wannan ai ɗiyar gidan Labbo ce,
ɗankwali kawai ta rasa.

Duk Asabar bayan la'asar
sai ya goge faifan da gefen rigarsa,
ya hura wa allura iska kamar mai shan kunu da zafi,
ya ɗora mata sule a ka don kada ta yi tsalle.
Sai ƙaras-ƙaras, kamar ana suyar gyaɗa a maƙwabta,
sai ganga, sai ƙaho,
sannan ita.

Turancin Baba na tasha ne, na lokaci da lamba,
nata ya fi ƙarfin mudunsa.
Amma ya ce, kuka ba ya neman tafinta.
Muryar kan faro ƙasa-ƙasa, kamar Gagare da bazara,
ta taso, ta cika, ta ci gaɓa,
wasu mata suna amsa mata daga baya
kamar masu lugude a turmi ɗaya.
Inna daga madafa: Wa ya mutu mata?
Baba: Ba mutuwa ba ce, tafiya aka yi aka bar ta.
Inna: To ta rage murya, ba a kanta aka fara ba.

A waƙa ta uku akwai tabo.
Ƙanena Jaɓɓi ya yi shi da ƙusa, ya kuwa sha dorina.
In allura ta kai nan sai matar ta maƙale,
kalma ɗaya, kalma ɗaya, kalma ɗaya,
har Baba ya miƙa yatsa ya taɓa,
ta wuce,
kamar tsohuwar da aka riƙe wa hannu a bakin kwalbati.
Mu mun ɗauka haka waƙar take.

Jirgi ya rage zuwa, ya daina.
Ciyawa ta ci dogo, awaki suka gaji tasha.
Baba ya naɗe tutarsa, bai jima ba shi ma ya tafi.
Garmaho kuwa ɓeraye suka yi aure a ciki.

Bara a Gusau ɗiyata ta nemo mini ita a waya.
Tas. Ba suyar gyaɗa, ba sule.
Na jira waƙa ta uku da yatsana a sama.
Ta zo wurin ta wuce, ko tuntuɓe ba ta yi ba,
ba ta nemi hannun kowa ba.
Na ce, kashe, wannan wata ce daban.

Da babbar salla na je gida.
Rana ta tanƙwara faifan, ya koma kamar kasko,
Inna ta rufe ƙwaryar fura da shi.
Ta ce, ai sunansa faifai,
sai yanzu ya kama aikin iyayensa.

Ta zauna tana tsintar wake,
ido ya yi nisa, haƙori biyu suka saura,
tana wani gunguni ta hanci,
ba kalma, sai hawa da sauka.
Na kasa kunne. Waƙa ta uku.
Ta kai wurin.
Ta maimaita, ta maimaita, ta maimaita,
waken yana zuba ta tsakanin yatsunta.

Na miƙa hannu na taɓa kafaɗarta.