Sili Ɗaya Ƙwale a Wurno

Mu goma sha huɗu munka bar Boɗinga da hantsi,
na sha biyar ɗinmu ciki ya ɗaure shi tun jiya.

Motar albasa munka hau, wadda ta sauke lodi,
warin yana bin mu har cikin rigunan da munka saya.

Koci Arzika ya dubi direba, ya auna faɗin kafaɗa:
"Jaɓɓi, yau kai ne ciko. Aje tuƙi, zo ka taya."

Jaɓɓi ya ce, "Ƙaƙa ake yi?" Anka ce, "Ruga gaba,
amma in za ka ba wani, sai ka miƙa ta baya."

Ya yi dariya har da tari: "Wanga wane irin wasa?
Ƙwallo awa gwanda, ga doka mai wuya."

*

Zari-ruga dai sunanta. A rukunin ƙasa muke,
ba mai jin labarinmu a rediyo ko a waya.

Ni faci nake yi bakin tasha. Ladan tela ne.
Ɗan'ige na gasa tsire, Altine na dakon kaya.

Kofin jiha ne, sili ɗaya ƙwale,
ba "sai kun zo gidanmu". Faɗuwa ɗaya ce, ɗaya.

Filin Wurno ba ciyawa, tsakuwa ce da jar ƙasa,
in ka faɗi, gwiwa ta bar fata, ta tashi da ƙaya.

Turakun gola bututun ruwa ne anka kafa,
na hagu ya ranƙwafa kamar tsoho mai ciwon wuya.

Alƙali malamin firamare ne da agogon aro,
usur ɗinsa ya toshe, rabin hukunci da murya.

*

Munka sunkuya mu takwas, kai ya shiga tsakanin kai,
na ji numfashin ɗan Wurno, tafarnuwa da miya.

Sunka ci biyar, sunka ƙara biyu da bugu.
Ɗan'ige ya rama, ya faɗa layi kamar guga a rijiya.

Jaɓɓi, da bai san doka ba, ya ja mutum uku a gadon baya,
ya dire ta kamar buhu, yana tambayar ko ya biya.

Sha biyu da goma. Rana ta sauka kan fadama.
Saura minti guda, sai ga ta hannuna, ga hanya.

Taku bakwai zuwa layi, mutum biyu a gabana.
Ladan a hagu, fili fetal, yana kira daga baya:

"Bagudu, miƙo! Bagudu!" Na ji shi sarai.
Ba zan ce ihu ya toshe kunnena ba, ba na son ƙarya.

Na hango kaina a tasha ana nuna ni da yatsa,
na ƙanƙame ta a ƙirji kamar uwa da ɗan da ta goya.

Taku biyar na yi. Na shida, ƙasa ce a bakina.
Usur ɗin da ya ƙi busuwa tun azahar, sai ga shi ya iya.

*

A mota ba wanda ya ce da ni kanzil.
Da sun zage ni, da ya fi sauƙi a zuciya.

Arzika na juya rasit ɗin rajista a hannu,
karo-karon wata huɗu, ya tafi a yini ɗaya.

Mun wuce Achida kaɗan sai ƙafar mota ta fashe.
Duhu ya yi, kuma mai faci guda ne cikin tafiya.

Na shiga ƙarƙashi da jak, gwiwa na tsatsar jini.
Wani ya durƙusa kusa, ya haska mini da waya.

Ladan ne. Bai ce komai ba sai "Ga noti can."
Na kwance, na ɗaure, hannuna na rawa don kunya.

Da na gama, ban ɗaga kai ba, ban waiwaya ba,
na miƙa masa sifana ta hagu, ta baya.

Ya cafe, ya ce, "Ashe hannun yana zuwa nan."
Jaɓɓi ya ta da inji, mota ta cika da dariya.

Na ce warin albasa ne ya sa idona ruwa.
Har Boɗinga sunka bar ni da wannan ƙarya.