Gurasar Dare

Shekara talatin da ɗaya ina kai musu gurasa
kan dutsen Maidanak, inda hanya ke ƙarewa,
ban taɓa leƙa bututunsu ba.
Ni da tanderu, su da sama,
kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Daren jiya Nilufar ta kama hannuna,
yarinyar nan mai tabarau, mai cin ɓawo ta bar tsakiya.
Ta ce, Inna Tursunoy, hau tsanin nan,
rufe ido ɗaya, kar ki taɓa ƙarfen, da sanyi.

Na duba.
Ashe watan da nake yi wa kallon faranti
fuskarsa duk zanzana ce.
Rami cikin rami, rami kan bakin rami,
wani ya taka wani kamar sawun awaki a laka.

Ta ce duwatsu ne suka faɗo daga duhu,
ba iska can da za ta tare su,
ba ruwan sama da zai cike gurbin,
abin da ya bugu ya bugu ke nan.

Na ga ɗaya, bakinsa ya tasa kamar ganuwa,
cikinsa hawa-hawa har ƙasa,
ga tsauni tsaye a tsakiya shi kaɗai
ya jefa inuwa doguwa, baƙa ƙirin.
Farin toka ya fantsama daga gare shi ta ko'ina
kamar na saki buhun fulawa daga kan jaki.
Ta ce wannan Taiko ne,
mota sai ta yi awa guda kafin ta ƙetare shi.

Sunan wa?
Wani mai duban taurari, daga ƙasar ƙanƙara.
Ta nuna mini Kofanikus, ta nuna Albattani,
malamai ne duka, duk sun kwanta dama.
Sai mutum ya shekara uku a ƙasa
kafin a rubuta shi a sama.

Na ce, namu fa, na Samarƙandu?
Ta yi dariya. Ulug Bek yana can gefe,
daf da inda wata ke juya mana ƙeya,
bakinsa ya zaizaye, ba kullum ake ganinsa ba.
Na ce, ko a biki haka ake yi wa mai gida.

To ƙananan nan fa, masu yawa kamar riɗi?
Ta ce wasu harafi ɗaya aka ba su,
suna raɓe da sunan babban da ke kusa.
Sauran ko harafin ba su samu ba.

Sai na tuna Ergash.
Shi ke share dusar ƙanƙara daga kan ƙubbar nan,
shi ke shafa wa ƙafafunta mai
don ta juya ba ƙara, kada ta dami masu ƙirga.
Yatsunsa biyu sanyi ya ci.
Bana shekararsa huɗu a ƙasa.
Ban ce mata komai ba.
Na ce idona ne ke ruwa, iskar dutse ce.

Kafin asuba na sauko, na kwaɓa ƙullu.
Na tayar da baki, na danna tsakiya da dunƙulen hannu,
na ɗauki ƙarfen huji na buga,
ramuka goma sha tara suka fito a jere.
Na zaɓi ƙarami, na can gefe,
na raɗa masa suna, na manna a bangon wuta.

Da hantsi Nilufar ta zo, ba ta yi barci ba.
Ta karya, ta cinye ɓawon a tsaye,
ta miƙo mini tsakiyar.